Jini A Kan Aswaki A Ƙasar Nono

 

Akwai wata musiba da take cin matasan Musulmi a ɓoye, wadda ba a jin ta a wajen wa'azi, ba a kuma kawo zancenta a majalisa, domin kowa ya ɗauke ta ba a bakin komai ba. Musibar ita ce zubar jini daga dasashi. Duk wanda ya saba tsayawa wajen alwala a masallatan Auyo ko Hadejia ko Kafin Hausa ya san abin da ake nufi. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, ɗan shekara 25 ko 30, zai kurkure baki ruwan ya fito ja-ja, ya duba kan aswakinsa ya gan shi da jini. In an tambaye shi sai ya ce zafi ne, ko kuma ya ce aswakin ne ya yi tauri. Mafi muni ma, sai ya daina goge wurin da yake jinin, wai don kada ya fama ciwo.

Abin takaicin shi ne, wannan yana faruwa ne a kwarin Hadejia, ƙasar da Allah Ya albarkata da ruwa da fadama da shanu da kifi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan. Matashin da kakansa ya tashi da ƙwaryar fura da nono, shi yau karin kumallonsa ruwan sukari ne da burodi, ga nono kuwa yana wucewa ta ƙofar gidansu a kan 'yar Fulani bai ko ɗaga kai ya dube ta ba. Jinin da ake gani a kan aswaki yana da alaƙa da wannan sauyi, kuma gyaransa yana hannun matasa kafin ya kai hannun likita ko na mahukunta.

Mene ne wannan ciwo?

A kullum akwai wata dauda mai yauƙi, fara-fara, da take taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Wannan dauda gida ce ta ƙwayoyin cuta. Idan aka goge ta, shi kenan. Idan aka bar ta kwanaki, sai ta fara daskarewa da sinadaran da ke cikin yawu, har ta zama kamar dutse, wanda aswaki ko burushi ba sa iya ɓamɓare shi. Daga nan dasashi zai kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini da an taɓa shi. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai idan aka dage da tsabta, sau da yawa a cikin mako ɗaya zuwa biyu.

To amma idan aka yi sakaci, dasashi zai fara rabuwa da haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakaninsu, ƙwayoyin cuta su gangara ciki. Jiki zai tura rundunarsa don ta yaƙe su, kuma a cikin wannan yaƙi na shekara da shekaru ne ƙashin da yake riƙe da haƙori yake zaizayewa. Sai mutum ya ga haƙoransa sun ƙara tsawo, wushirya ta fito a inda babu ita a da, baki yana wari, haƙori yana girgiza, har wata rana ya faɗo lafiyarsa ƙalau babu ko rami a jikinsa. Ƙashin da ya zaizaye kuwa ba ya dawowa da kansa. Haɗarin abin shi ne, yawanci babu zafi sai bayan an yi nisa.

Ba kuma ƙaramin lamari ba ne a duniya. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani yana damun kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutane, wato sama da mutum biliyan 1.

Me ya sa ya shafi mai addini?

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan jaridar addini da zancen dasashi? Amsa ita ce, da baki ake karatun Alƙur'ani, da baki ake kiran salla, da baki ake isar da saƙo. Ƙasar Hadejia ta yi suna wajen tsangayu da alarammomi da gwanaye, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san cewa haruffa da dama mafitarsu tana jingine da haƙora. Ca da zal da zadi suna fita ne daga kan harshe tare da gefen haƙoran gaba na sama. Fa tana fita daga haƙoran gaba na sama da cikin leɓen ƙasa. Lodi kuwa, wanda ya fi kowane harafi wahala, daga gefen harshe yake fita tare da turamen sama. Wanda ya zubar da waɗannan haƙora yana ɗan shekara 45 saboda sakacin da ya yi yana ɗan 25, zai ja baƙi da wahala a lokacin da ya kamata a ce shi ne yake gaba ana bin sa salla.

Ga kuma maganar sahu. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci saboda cutar da jama'a da mala'iku. Idan warin da yake gushewa bayan 'yan sa'o'i ya kai a hana mutum shiga jam'i, ina ga warin da mutum yake yawo da shi dare da rana? Wasu ma sai watan azumi ya zo su laƙa wa azumi laifin da ba nasa ba. Canjin bakin mai azumi daban, warin ruɓaɓɓen dasashi daban. Haka nan sananne ne irin yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya riƙe aswaki, yana yin sa idan ya tashi da dare, yana yin sa idan ya shiga gida, har a jinyarsa ta ƙarshe bai bar shi ba. Jiki amana ne, haƙori 32 ɗin nan kuma suna cikin amanar.

Abin da bincike ya nuna game da nono

Allah Ta'ala Ya ambaci nono a cikin Suratun Nahli, aya ta 66, a matsayin abin lura da izina ga bayinSa. A daren Isra'i kuma, da aka gabatar wa Manzon Allah (S.A.W.) da ƙoƙon nono da na giya, nono ya zaɓa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Mumini ba ya jiran Bature ya gaya masa darajar nono. Amma duk da haka, yana da kyau a san abin da masu bincike suka gano a kan nono da dasashi.

A shekarar 2006, wani likitan haƙori na Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, Muhammad Al-Zahrani, ya nazarci bayanan mutum sama da 12,000 da aka tattara a wani babban binciken lafiya na ƙasar Amurka. Ya gano cewa waɗanda suka fi kowa shan madara da dangoginta, yiwuwar samun su da ciwon dasashi mai cin ƙashi ta yi ƙasa da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka fi kowa ƙarancin sha. Wannan kuwa bayan an cire tasirin abubuwa irin su shekaru da shan taba da ciwon sukari.

A shekarar 2008 kuma aka buga wani binciken daga garin Hisayama na ƙasar Japan, a kan mutum 942 masu shekara 40 zuwa 79. Abin da ya fito shi ne, masu shan madarar da aka tsamar, irin yogot, aƙalla giram 55 a rana, dasashinsu ya fi na waɗanda ba sa sha lafiya. Zallar madara da cuku kuwa ba a ga sun nuna wannan bambanci ba a wannan bincike. To, mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Mene ne kindirmo in ban da madarar da aka dafa aka tsamar? Giram 55 kuma bai fi ludayi guda ba. Abin da mutanen Japan suke saye a cikin roba mai tsada, shi ne yake cikin ƙwarya a kasuwar Auyo.

Dalilin wannan alaƙa ba ɓoyayye ba ne. Ƙashin da yake riƙe da haƙori yana bukatar sinadarin kalsiyam, kuma kofi guda na madarar shanu yana ɗauke da kusan miligiram 300 nasa, alhali baligi yana bukatar wajen miligiram 1,000 a rana. Ga furotin da jiki yake gyara nama da shi. Ga kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da suke tsamar da nono, waɗanda masana suke ganin suna takura wa masu cutarwa a cikin baki.

Ba nono kaɗai ba. Tun a shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya gwada ba matuƙan jirgin da dasashinsu yake ruɓewa lemon tsami da lemon zaƙi, suka warke. Daga baya aka gane cewa rashin bitamin C ne yake jawo wannan cuta. Wannan sinadari kuwa yana nan jibge a cikin gwaiba da tumatir da tattasai da zogale da garin kwalba na 'ya'yan kuka. Ƙarshen abin da yunwa take yi wa dasashi shi ne cutar da likitoci suke kira Noma, mai farawa daga kumburin dasashin yaron da ba ya samun abinci, ta ƙare da cinye masa fuska, wal'iyazu billahi. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a shekarar 1999, kuma a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa bukatar da Nijeriya ta jagoranta.

Abin da ya maye gurbin ƙwarya

A duba cimar saurayin yau a bakin tasha ko a bakin kasuwa. Da safe teburin mai shayi: babban kofi, sukari cokali uku ko huɗu, ɗan garin madara da bai fi a rina ruwan da shi ba, sai farin burodi. Da rana indomi da lemon kwalba. Da yamma a majalisa ana dafa shayi zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin. In dare ya yi kuma ga abin shan ƙara kuzari na gwangwani. A wuni guda bakinsa bai huta da zaƙi ba, kuma babu ganye, babu ɗan itace, babu nono.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da mutum yake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da yake samu daga abinci, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 a rana ga baligi. Robar lemo guda mai santilita 50 kan cinye wannan kason gaba ɗaya. Gwamnatin Nijeriya da kanta ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma harajin bai hana talla ba, bai kuma hana sha ba.

Kowa ya san sukari yana huda haƙori. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yana rura kumburin dasashi. A shekarar 2009 masu bincike na Jami'ar Bern a ƙasar Suwizalan sun buga sakamakon wani gwaji mai ban mamaki. Mutum 10 ne suka zauna mako huɗu suna cin irin abincin mutanen da, babu tataccen sukari, babu kuma burushi ko man goge baki. Daudar haƙoransu ta ƙaru kamar yadda aka zata, amma jinin dasashinsu sai ya ragu ƙwarai. Gwajin ƙarami ne, kuma ba hujja ba ce ta barin goge baki, amma ya nuna irin rawar da cima take takawa. Daɗin daɗawa, yawan sukari hanya ce ta zuwa ƙiba da ciwon sukari, shi kuma ciwon sukari da ciwon dasashi kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa.

Sai uwa uba taba. Sigari da shisha suna daga cikin manyan abubuwan da suke rusa dasashi. Makircin taba shi ne tana matse jijiyoyin jini, sai dasashin mashayi ya ƙi yin jini, ya zaci lafiyarsa ƙalau, alhali gara tana cin ginin ta ciki.

Wa ya raba saniya da baki?

Ruwa ba ya tsami banza. Ba haka kawai matashi ya wayi gari ya ƙi nono ba. Tarihin wannan yanki tarihin shanu ne. Umaru da ɗan'uwansa Sambo, waɗanda suka riƙe tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙasar Hadejia da Auyo a farkon ƙarni na 19, daga gidan Fulani makiyaya suka fito. Shekaru aru-aru akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin manomi da makiyayi. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, da rani su gangara fadama, mata kuma su yi musayar gero da nono. Kowa ya ci, kowa ya sha.

Sai aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kammala ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da take shayar da fadamun Hadejia zuwa Nguru ya sauya. Ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa da wuraren da a da kiwo ake yi ko kamun kifi. Noman rani ya faɗaɗa, har a watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo Auyo ya ƙaddamar da aikin ban-ruwa na kwarin Hadejia mai faɗin kadada sama da 5,000. Babu mai hankalin da zai ƙi noman shinkafa da alkama, alheri ne babba ga talakawa. Tambayar ita ce, da aka shata gonaki, ina aka shata wa saniya? Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma burtali nawa ne aka nome, mashaya nawa ce aka toshe? Sakamakon shi ne rikicin da akan ji a yankunan Guri da Kirikasamma, Musulmi yana zubar da jinin Musulmi a kan kara da ruwa. Saniyar da take yawon neman abin da za ta ci, ko Bunaji ce ko Rahaji, da ƙyar take ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana.

A daidai lokacin da ƙwarya take bushewa, jiragen ruwa suna sauke garin madara a Legas. Jami'an gwamnati da bakinsu sun sha faɗin cewa Nijeriya tana kashe kimanin dala biliyan 1.5 a kowace shekara wajen shigo da madara. A watan Afrilun 2015 Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su tatsa, madara ta yi musu yawa, suka nemi kasuwa a Afirka ta Yamma. Wani kaso mai yawa na abin da suke turowa an cire masa man shanunsa an sayar da tsada a can, an maye gurbinsa da man itatuwa mai araha. Adalci shi ne a faɗi cewa wannan gari bai rasa kalsiyam da furotin ba. Illarsa ita ce ya karya kasuwar nonon gida, ya kuma koya wa talaka cewa ɗan barbaɗen da aka yi masa a cikin ruwan sukari shi ne shan madara. Babban Bankin Nijeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje don shigo da madara a 2020, ya janye a 2024. A watan Yulin 2024 aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Talakan Auyo dai ba da takarda zai auna ta ba, da cikar ƙwarya zai auna ta.

Masu cewa kaza da kaza

Wani zai ce, in nono magani ne, me ya sa ake ganin tsofaffin Fulani da giɓi? Wannan tambaya ce mai kyau. Nono ba ya kankare dauda. Binciken da aka ambata ma alaƙa suka nuna, ba su ce duk mai shan nono ya tsira ba. Nono yana ƙarfafa ginin ne, aswaki kuma yana korar ɓarawo. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ya yi rabin aiki.

Wani zai ce nono ya yi tsada, kuma da rani duk ruwa ne da garin kwalba. Gaskiya ne algus ya shiga sana'ar, kuma haramun ne a sayar wa mutum da ruwa da sunan nono. Garin kwalba shi kansa ba cuta ba ne, abin tsoro shi ne ruwan da ba a san daga inda aka ɗebo shi ba. Amma mai saye ma yana da nasa laifin, domin wanda ya nace sai an ba shi ƙwarya cike a kuɗin rabi, shi ya kira ruwa. Batun tsada kuwa, saurayi ya lissafa abin da yake kashewa a mako wajen lemo da sigari da katin waya, sa'an nan ya dawo a yi maganar kuɗin kindirmo.

Wani zai ce nono yana kawo cuta. Ɗanyar madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko wa mutum tarin fuka na shanu da cutar bakkale. Maganin wannan a tafasa ta, kuma kindirmon ƙwarai daga dafaffiyar madara ake yin sa. Wani kuma zai ce madara tana ɓata masa ciki. Manya da yawa cikinsu ba ya narkar da sukarin da Allah Ya halitta a cikin sabuwar madara, amma tsamarwa tana rage wannan sukari, shi ya sa wanda madara take kumbura wa ciki sau da yawa yakan sha kindirmo lafiya.

Abin da ya rataya a wuyan matasa

Na farko, ɗan'uwa ya mayar da nono cikin cimarsa ta kullum, ko da ludayi biyu ne, kuma ya sha shi ba tare da ya juye masa sukari ba. Furar da aka cika da sukari, da yogot ɗin roba mai zaƙi kamar alewa, an ba da da dama an karɓe da hagu. Ya haɗa da miyar kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, duk suna da kalsiyam, duk kuma amfanin wannan ƙasa ne. Ya nemi gwaiba ko mangwaro ko ɗanyen tumatir gwargwadon lokacinsu.

Na biyu, ya yi aswaki irin na Sunna, ba irin na ado ba. Rataya icce a baki ana zance ba aswaki ba ne. A tauna kansa ya yi laushi, a yanke tsohon kai a kai a kai, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya a gindinsu, ciki da waje, a hankali ba da ƙarfi ba. Wurin da yake jini shi ya fi bukatar gugar. A haɗa da burushi da man goge baki sau biyu a rana, musamman kafin barci. A bar saƙace da allura ko tsinken ashana, a bar daka ƙwayar magani ana cusa ta a dasashi, domin ƙona nama take yi.

Na uku, wanda yake shan taba ya tuba ya bari, abokansa kuma su taimake shi da nasiha ba da gori ba.

Na huɗu, wanda ya dage da tsabta mako biyu jini bai tsaya ba, ko ya ga ruwan ƙuraje, ko haƙori yana motsi, ya nufi asibitin da yake da sashen haƙori a kankare masa daudar da ta daskare, ya kuma nemi a auna masa sukarin jininsa. Maganar da ake yaɗawa cewa wankin haƙori a asibiti yana sa shi girgiza ba ta da tushe. Ciwon ne ya riga ya cinye ƙashin, dutsen daudar yana rufe ɓarnar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, aikin jama'a. Matasa ne suke hidimar walimar sauka da ɗaurin aure da buɗa-baki a masallatai. Me zai hana a daina jibge katan-katan na lemo, a yi oda tun da wuri daga rugar da aka sani, a raba fura da kindirmo? Kuɗin zai tsaya a hannun Musulma 'yar'uwa maimakon ya tafi aljihun 'yan jari-hujja. Matashin da mahaifinsa ya ci burtali ya yi masa nasiha cikin ladabi. Wanda yake noman rani ya daina cinna wa bambaron shinkafa wuta, ya tara ya sayar ko ya yi musayarsa da taki. Malamai da limamai su zaunar da Ardo da Sarkin Noma tun kafin kaka, kada a jira sai an ɗauko gawa. Makiyayin da ya saki shanu a gonar da ba a girbe ba shi ma ya sani azzalumi ne, kuma Allah ba Ya barin zalunci. Mahukunta kuma a riƙa tambayarsu a fili, ina wurin tara nono mai na'urar sanyaya shi, ina mashayar shanu a gefen aikin ban-ruwa, ina ma'aikacin haƙori a cibiyoyin lafiya na karkara?

Matashin da yake fatan ya ga addini ya ɗaukaka, wanda yake shirye ya yi tattaki ya kwana a tsaye saboda Allah, bai kamata a ce ɗan iccen aswaki da ludayin nono sun gagare shi ba. Al'umma tana bukatar limamai da malamai da masu kira waɗanda za su kai shekara 70 harafinsu yana fita daram, kuma waɗannan dattawa na gobe su ne samarin da suke wajen alwala a yau.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sanya albarka a gonaki da garake, Ya haɗa kan manomi da makiyayi a kan gaskiya, Ya kuma ba matasan Musulmi ikon riƙo da Sunnar ManzonSa a babban abu da ƙarami.